Daga Sauti Zuwa Gaɓa: Koyar da Karatun Hausa ta Hanyar Sauti a Azuzuwan Share Fage na Yankin Watari

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan hanyar koyar da karatu ta sauti, wadda malaman makaranta suka fi sani da sunan foniks, da yadda ya kamata a aiwatar da ita a azuzuwan share fage na yankin Watari da ke arewacin Jihar Kano. An inganta hanyar ne domin shawo kan wahalar rubutun Ingilishi, kuma da kayan aikin Ingilishi ta fi shiga makarantun Najeriya. Maƙalar ta nuna cewa rubutun Hausa na boko ya fi na Ingilishi karɓar wannan hanya, saboda kusancin da ke tsakanin harafi da furuci, da sharaɗin a fara da harshen da yaro yake ji, a kuma ɗauki gaɓa a matsayin matakala tsakanin sauti da kalma. An kawo wuraren da rubutun Hausa yake ɓoye wani ɓangare na furuci, sannan aka jero matakan koyarwa da suka dace da ajin karkara.

Fitilun Kalmomi: hanyar sauti, gaɓa, ajin share fage, ƙa'idojin rubutu, Watari

1.0 Gabatarwa

Ba baƙon abu ba ne a ƙauyukan Kano a tarar da yaro ɗan shekara biyar yana rera haruffan Ingilishi daga na farko har na ashirin da shida ba tare da tuntuɓe ba, amma idan aka rubuta masa kalmar "nama" a kan allo sai ya yi tsuru-tsuru. Yaron bai rasa basira ba. Sunayen haruffa aka ba shi, ba a nuna masa aikin da haruffan suke yi ba. Idan ba a cike wannan giɓi a shekarun farko ba, yakan bi yaro har manyan azuzuwa. Gwaje-gwajen karatu da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 sun nuna cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwan firamare ba sa iya karanta ko da kalma ɗaya ta Hausa. A Jihar Kano ma, shirin KaLMA da aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil ya fuskanci 'yan aji huɗu zuwa shida ne, domin koya musu tushen karatu da lissafi da ya kamata a ce sun samu tun da farko.

A yankin da noma yake buƙatar hannun kowa, wannan matsala tana da tsada. Uban da ya ga ɗansa ya shekara huɗu yana zuwa makaranta bai iya karanta takardar da aka aiko daga gari ba, yana da hujjar da zai ce gona ta fi masa amfani. Saboda haka tambayar yadda za a fara koya wa yaro karatu tana da alaƙa kai tsaye da tambayar ko zai ci gaba da zama a makaranta. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace abin da hanyar sauti take nufi, da abin da tsarin sautin Hausa yake buƙata daga gare ta.

2.0 Yankin Watari da Ajin Share Fage

Watari sunan kogi ne, kuma sunan madatsar ruwan da aka gina a kansa tsakanin 1977 da 1980 a Ƙaramar Hukumar Bagwai. Yanki ne mai cunkoson ƙauyuka da gonaki. Da damina ana noma gero da dawa da gyaɗa da wake, da rani kuma ruwan madatsar yana ba da damar noman shinkafa da masara da tumatir da albasa, ga kuma su da fito a bakin ruwa. Hausa ce harshen gida da kasuwa da masallaci, in ban da wasu gidajen Fulani da yaransu suke tashi da Fillanci tare da Hausa. Ingilishi kuwa da wuya yaro ya ji shi a wajen aji.

Ajin share fage, wanda jama'a suke kira rabin aji, yana cikin tsarin ilimin bai-ɗaya da dokar 2004 ta kafa, kuma bugun 2013 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya sanya shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Tun bugun 1977 manufar ta tanadi cewa da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankin za a koyar a wannan mataki. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da faɗaɗa hakan zuwa shekaru shida na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da komawa ga Ingilishi. Ko wace manufa ce take aiki, abubuwa biyu ba su sauya ba: Hausa darasi ce a makarantun Kano, kuma yaron Watari da Hausa yake shigowa aji.

Wani abin lura shi ne, yawancin waɗannan yara ba su zo rabin aji da hannu wofi ba. Da yawansu suna zuwa makarantar allo ko ta Islamiyya da safe ko da yamma, don haka sun riga sun san cewa alamar da aka zana a kan allo tana da abin da take faɗa. Za a dawo kan wannan batu a sashe na biyar.

3.0 Ma'anar Hanyar Sauti da Asalinta

Hanyar sauti ita ce koya wa yaro alaƙar da ke tsakanin ƙwayoyin sautin harshe da haruffan da suke wakiltar su, bi da bi kuma bisa tsari, har ya iya harhaɗa su ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Ta sha bamban da hanyar abacada, wadda take farawa da haddar sunayen haruffa a jere, da kuma hanyar duba-ka-faɗa, wadda take sa yaro ya haddace surar kalma gaba ɗayanta kamar yadda yake gane hoto. Ita kanta hanyar sauti iri biyu ce. A hanyar harhaɗawa ana farawa da sautuka a gina kalma: m, a, s, a, su zama "masa". A hanyar warwarewa kuwa ana farawa da kalmomi kamar "masa" da "mota" da "miya", a sa yaro ya gano sautin da suka yi tarayya a kai.

Muhawara a kan waɗannan hanyoyi ta fi zafi a ƙasashen da ake karatu da Ingilishi. Chall (1967) ta bibiyi binciken shekaru da dama a Amurka, ta kuma tabbatar da cewa yaran da aka fara wa da alaƙar harafi da sauti sun fi saurin tsayawa da ƙafafunsu. Rahoton kwamitin ƙasa kan karatu na Amurka na shekarar 2000 ya ƙarfafa wannan matsayi. Binciken Johnston da Watson (2005) a Sikotland ya fifita hanyar harhaɗawa, rahoton Rose (2006) ya sa aka ɗauke ta a makarantun Ingila, har aka kafa gwajin sauti ga yara 'yan shekara shida daga 2012.

A Najeriya, tsarin da ya fi shahara shi ne Jolly Phonics, wanda Sue Lloyd da Sara Wernham suka tsara a Ingila, aka kuma horar da malamai a kansa a jihohi da dama. Yana koyar da sautuka 42 na Ingilishi cikin rukuni bakwai, tare da motsin jiki da waƙa ga kowane sauti. A ɓangaren Hausa ma an yi ƙoƙari: shirin RANA a jihohin Katsina da Zamfara, da littattafan Mu Karanta! a Bauchi da Sakkwato, duk sun gina karatun Hausa a kan sauti da gaɓa. Sai dai waɗannan sun fi mayar da hankali ga aji ɗaya zuwa uku na firamare. Rabin aji, inda yaro yake fara haɗuwa da harafin boko, shi ne ya fi zama a hannun waƙar haruffan Ingilishi.

4.0 Dalilin Farawa da Hausa

Dalili na farko ya shafi ma'anar karatu kanta. Gough da Tunmer (1986) sun bayyana fahimtar karatu a matsayin sakamakon ninka abubuwa biyu: iya mayar da rubutu zuwa furuci, da iya fahimtar harshen da aka furta. Tunda ninkawa ce, idan ɗaya ya zama sifiri, sakamakon ma sifiri ne. Yaron Ingila da ya harhaɗa p, i, n ya ji kalmar da ya sani tun yana goye, wannan jin shi ne ladan wahalarsa, shi ne kuma ma'aunin da yake gane ko ya yi daidai. Yaron Bagwai da ya harhaɗa waɗannan sautuka ya fitar da ƙara ce kawai. Amma idan ya harhaɗa k, a, z, a, nan take zai san abin da ya karanta, domin wataƙila ita ya kora daga kan shanya kafin ya taho.

Dalili na biyu ya shafi yanayin rubutun. Seymour da Aro da Erskine (2003) sun kwatanta yaran ƙasashen Turai a ƙarshen shekararsu ta farko ta karatu. Masu karatu da harsunan da harafi yake bin furuci sau da ƙafa, kamar Italiyanci da Sifaniyanci da harshen Finland, sun karanta sama da kashi 90 cikin ɗari na sanannun kalmomi daidai, masu Ingilishi kuwa ba su kai rabi ba. Rubutun Hausa na boko yana cikin sahun farko. Tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, zuwa shigar da baƙaƙe masu ƙugiya a shekarun 1930, da ayyukan Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, an yi ta gyara shi ne a kan turbar kowane baƙi da harafinsa. Babu harafin da ake rubutawa a ƙi furta shi. Yaron da ya san aikin haruffa kaɗan zai iya karanta kalmomi masu yawa.

Dalili na uku shi ne saɓanin da ke tsakanin jerin sautukan Ingilishi da na Hausa. Rukunin farko na Jolly Phonics shi ne s, a, t, i, p, n. Biyar daga cikinsu suna haifar da kalmomin Hausa irin su "sani" da "nisa" da "tasa" da "sati", amma p ba ya cikin abacadar Hausa, kuma Bahaushe yakan ji shi a matsayin wani nau'in furucin f. A rukuni na biyu ana koya wa yaro cewa harafin c sautin k yake bayarwa. Wanda ya riƙe wannan zai karanta "cika" a matsayin "kika", "ciki" kuma "kiki". Haka nan sautin da ake ba harafin u a Ingilishi ba shi ne na "kunu" ba. Wannan ba aibi ba ne ga tsarin, domin Ingilishi aka yi shi. Kuskuren yana wajen ɗaukar jerin wani harshe a ɗora wa wani.

Farawa da Hausa ba ya tauye Ingilishi. Cummins (1979) ya nuna cewa ƙwarewar karatu da aka samu a harshen farko tana ƙetarawa zuwa na biyu, kuma gwajin shekara shida na Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba. Sau ɗaya ake gano sirrin cewa harafi yana wakiltar sauti.

5.0 Matsayin Gaɓa

Kalmomin farko na littattafan Ingilishi, irin su "sat" da "tin", gaɓa ɗaya ce mai rufewa da baƙi. Ginin Hausa ba haka yake ba. Kamar yadda Sani (1999) da Newman (2000) suka bayyana, gaɓar Hausa ba ta wuce siffa uku: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Baƙaƙe biyu ba sa cin karo a farkon gaɓa, shi ya sa kalmomin aro suke samun ƙarin wasali, kamar a "burodi" da "sukuru". Mafi yawan kalmomin asali da wasali suke ƙarewa. Saboda haka yaron da ya iya haɗa baƙi ɗaya da wasali ɗaya ya riƙe mabuɗin mafi yawan kalmomin harshensa.

Kunnen yaron Bahaushe ma gaɓa ya fi saurin kamawa. Shaida a kan haka tana cikin wasannin harshe na gargajiya. A zaurance ana cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa, ko a juya gaɓoɓin kalma, yara kuma suna ƙwarewa a kai ba tare da sun san harafi ko ɗaya ba. Malama za ta iya mayar da wannan darasi: a juya "gari" ta koma "riga", "tafi" ta koma "fita", "kasa" ta koma "saka". Hatta sunayen haruffa a Hausa gaɓoɓi ne, wato a, ba, ca, da, wanda daga nan aka samo kalmar abacada.

Makarantar allo ta daɗe da gane wannan mataki. Almajiri yana farawa da babbaƙu, inda yake koyon baƙaƙe tsirara da sunayen da suke siffanta surarsu, kamar ba guje da ta kuri da ha babba da lam jaye. Daga nan ya shiga farfaru, inda ake ɗora wa baƙi wasali bisa ko wasali ƙasa ko rufu'a, ya tashi ya zama abin furtawa. Wannan tafiya daga baƙi zuwa baƙi mai wasali ita ce dai tafiyar da ake so yaro ya yi a boko. Malamar da ta ce wa yara baƙi ba ya magana sai an ba shi wasali tana gini ne a kan abin da suka sani. Bambance-bambance biyu ne suke buƙatar kulawa. Rubutun allo daga dama yake farawa, na boko daga hagu, don haka dole a riƙa bin layi da yatsa a gaban yara. Na biyu, a boko wasali cikakken harafi ne da yake zama a gefen baƙi.

Akwai tarko a nan da ya kamata a ambata. An daɗe ana rera "ba, be, bi, bo, bu" a makarantu tun zamanin Yaƙi da Jahilci, kuma yaro yana iya rera wannan jeri idonsa a rufe. Wannan hadda ce. Abin da hanyar sauti ta ƙara shi ne yaro ya san dalilin da ya sa b da i suka ba da "bi", ta yadda idan aka cire b aka sa m zai ce "mi" da kansa. Hanyar gane bambancin mai sauƙi ce: a hargitsa jerin, a nuna "bu" kafin "ba", ko a haɗa baƙin da aka koya jiya da wasalin da ba a taɓa haɗa shi da shi ba.

6.0 Wuraren Tuntuɓe a Rubutun Hausa

Duk da sauƙinsa, rubutun Hausa bai bayyana komai ba. Wajibi ne mai koyarwa ya san wuraren da rubutu ya yi shiru.

6.1 Tsawon Wasali da Karin Sauti

Wasula biyar ake rubutawa, amma goma ake furtawa, domin kowanne yana da dogo da gajere, ga kuma tagwayen ai da au. "Gari" na mazauni da "gari" na tuwo tsawon wasalin farko ne ya raba su. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya karin sauti ne ya raba su, haka ma "fari" na launi da "fari" na ƙarancin ruwan sama. Yaron bakin madatsa ya san "fito" uku: na fitowa daga ɗaki, da na haye ruwa a kwalekwale, da na busa da baki. A nan harhaɗa sautuka yana kai yaro bakin ƙofa ne kawai, jimla ce take shigar da shi. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa da harshen da yaro yake ji za a fara, domin mai harshe ne kaɗai zai iya zaɓen furucin da ya dace. A makonnin farko gara a kauce wa irin waɗannan kalmomi, daga baya a kawo su cikin gajerun jimloli da hoto.

6.2 Baƙaƙe Masu Ƙugiya da Masu Goyo

Haruffan ɓ da ɗ da ƙ kowanne sauti ne mai zaman kansa, kamar yadda "bari" da "ɓari", "fada" da "faɗa", "kafa" da "ƙafa" suka nuna. Kunnen yaro ya riga ya rarrabe su, idonsa ne yake buƙatar horo. Bai kamata a koyar da b da ɓ, ko b da d, a mako ɗaya ba. Babbar illa kuwa ita ce katin koyarwa ko rubutun allo da aka yi ba tare da ƙugiya ba, domin yana rushe ƙa'idar da ake ƙoƙarin ginawa. Sai kuma sautukan da ake rubutawa da haruffa biyu: sh, ts, ky, gy, ƙy, kw, gw, ƙw, fy, da 'y. A kati ɗaya za a rubuta kowannensu, a koyar da shi a matsayin sauti guda, da kalmomin gida irin su "shinkafa" da "tsamiya" da "gyaɗa" da "ƙwai" da "'ya'ya".

6.3 Harafin r da Hamza da Ɗauri

Harafin r yana wakiltar sautuka biyu, ra-kaɗe da ra-gare, waɗanda suka raba "bara" mai hidima da "bara" ta neman sadaka. Ba sai an yi wa yaro bayanin wannan ba, ya isa malama ta furta kowace kalma yadda take. Hamza ba a rubuta ta a farkon kalma, amma tana bayyana a tsakiya, kamar a "sa'a". Maimaita baƙi kuwa yana sauya ma'ana, kamar a "baba" da "babba", ko "mana" da "manna". Tafi yana taimakawa a nan, a raba kalmar bab-ba yaro ya ji gaɓar farko ta rufe.

6.4 Naso

Ana rubuta "gidan Bala" a furta "gidam Bala", kuma n ɗin ƙarshen "nan" da "can" ba irin na farkon "nama" ba ne. Wannan ba ya hana karatu, amma yana fitowa a shifta. Yaron da ya rubuta abin da ya ji bai yi shirme ba, ya nuna cewa kunnensa yana aiki, ƙa'idar rubutu ce ta rage a koya masa a firamare.

7.0 Matakan Koyarwa a Rabin Aji

Mataki na farko na kunne ne zalla, kuma shi ya dace da 'yan shekara uku zuwa huɗu. A tafa gaɓoɓin sunayen yara da na amfanin gona: da-wa tafi biyu, al-ba-sa tafi uku. A nemo abubuwan da sunansu ya fara da sauti iri ɗaya. A yi tatsuniya da kacici-kacici a kullum, domin su ne suke gina rumbun kalmomin da karatu zai dogara a kai. Gaggawar ɗora wa ɗan shekara uku fensir ba ta da amfani. A Finland sai yaro ya kai shekara bakwai yake shiga firamare, kuma cikin shekarar farko yawancinsu suke iya karatu.

Mataki na biyu shi ne shigar da haruffa ga 'yan shekara biyar, ɗaya ko biyu a mako, ƙananan haruffa kafin manya. Wasalin a ne ya fi yawa a kalmomin Hausa, don haka da shi za a fara. Sai baƙaƙen da ake iya jan sautinsu, kamar m da n da s, saboda suna zarcewa cikin wasali ba tare da yankewa ba, saɓanin b ko ɗ da suke da wuyar furtawa su kaɗai. Da a, m, n, k kawai yaro zai karanta "mama" da "nama" da "kaka" da "kama", har da jimlar "Kaka na nan." Wato tun a watan farko zai ɗanɗani karatu mai ma'ana.

Mataki na uku shi ne harhaɗa gaɓoɓi da rarraba su, karatu da rubutu tare. Rashin littafi ba ya hana wannan. Ana iya yanka kwali a yi katunan gaɓoɓi, a rubuta haruffa a murafun kwalba, a zana su da yatsa a kan rairayi, ko a lanƙwasa ɓawon karan dawa a fitar da surarsu. A aji mai cunkoso, amsar gayya takan ɓoye wanda bai gane ba, don haka yana da kyau a kowace rana a saurari yara biyar ko shida ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma, tunda zuwan yara yakan ragu lokacin girbi da ranakun kasuwa, tilas kowane mako ya ƙunshi ranar bita.

Ingilishi a wannan mataki na baka ne: gaisuwa, da sunayen abubuwa, da gajerun umarni. Idan karatun Hausa ya zauna, yawancin baƙaƙe, kamar b, d, k, l, m, n, s, t da sh, za su ƙetara da aikinsu. Abin da zai rage a koyar a sarari shi ne p da v da th, da sabon aikin c, da wasulan Ingilishi, da cunkoson baƙaƙe. A nan ne tsarin Jolly Phonics zai yi cikakken amfaninsa. Yaran da Fillanci ne harshensu na gida kuwa suna buƙatar ƙarin lokaci a matakin baka kafin a shiga haruffa.

Duk wannan ya rataya ne a kan horon malamai. Malamar rabin aji tana buƙatar sanin tsarin sautin Hausa gwargwadon abin da aka zayyana a sashe na shida. Cibiyoyi irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, wadda take kusa da yankin, suna da damar haɗa sashen Hausa da na ilimin ƙananan yara a kan wannan aiki.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa hanyar sauti ƙa'ida ce da kowane harshe yake cika ta da nasa sautukan, kuma Hausa tana cikin harsunan da suka fi cin moriyarta. An bayyana cewa yaron Watari yana shigowa aji da jari uku: harshen da yake ji, da kunnen da ya saba da gaɓa, da masaniyar babbaƙu da farfaru. An kuma nuna wuraren da rubutun boko yake buƙatar taimakon jimla da ma'ana. Aikin da ya rage wa masana Hausa shi ne ƙididdige yawan aukuwar haruffa da gaɓoɓi a maganar yara, domin a tsayar da jerin koyarwa a kan hujja, da kuma rubuta ƙananan littattafan da kowannensu bai wuce haruffan da aka riga aka koya ba, da kalmomin gona da kasuwa da bakin ruwa waɗanda yaran yankin suke ji a kullum.